Godiyar Hajiya Bintu

Duk wanda ya ce maka Dakta Tajuddeen ne ke tafiyar da kamfaninmu, to allon bakin ƙofa ya karanta, bai shigo ciki ba. Ni na shigo. Shekara biyu na yi ina tafinta a wurin, kuma na san wadda take riƙe da mu.

Aikinmu shi ne kawo marasa lafiya daga gida zuwa asibitocin Kuala Lumpur. Mutum zai taso daga Kano ko Katsina da ciwon zuciya ko na ƙoda, mu tarbe shi a filin jirgi, mu nema masa likita da gado da masauki, ni kuma in tsaya tsakaninsa da likita ina juya magana. Dakta ba likita ba ne. Digirinsa na uku a kan kasuwanci ya yi shi a nan, ya ga akwai ci a harkar, ya yi zamansa. Ofishin ɗaki biyu ne a hawa na uku a Sentul, saman wani shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ƙamshin shayinsa ke hawo mana ta taga. Ɗakin gaba na baƙi ne, da kujerun fata da sanyin esi da teburin Dakta. Ɗakin baya kuwa asalinsa sito ne, kuma a nan Kak Suraya take zama, tsakanin kwalayen takardu da wata fanka mai ƙara.

Kak a bakin mutanen nan yaya ke nan. Shekarunta arba'in da bakwai, kuma ta daɗe tana aikin rajista a wani asibiti kafin ta zo mana, don haka babu sakatariyar likitan da ba ta san sunan 'ya'yanta ba. Idan aka ce babu gurbi sai bayan wata biyu, za ta ɗaga waya ta yi hira da dariya na minti biyar, sai ka ji gurbi ya fito ranar Talata.

Da aka haife ta sunan namiji aka raɗa mata, kuma har gobe shi ne a katin shaidarta. Amma ita mace ce, a mace take rayuwa tun ina goye. A nan ana ce wa irinta mak nyah. Dakta kuma, in ya tabbata ba ta kusa, sai ya ce ɗan daudun nan. Ba zan wanke kaina ba, makon da na fara aiki ni ma abin da na faɗa wa ƙawata a waya ke nan, har da shewa. Sai da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni a ɗakina a Wangsa Maju, ba uwa ba uba, sannan na ga wanda ya hau bene hawa tara da ƙafa, lif a lalace, don ya duba ko ina numfashi. Ba Dakta ba ne, ita ce.

Dokar ofis ɗaya ce, kuma ba a rubuce take ba: muddin akwai baƙo daga gida a ɗakin gaba, Kak Suraya ba ta fitowa. Ko banɗaki take so sai ta jira. Hoton ma'aikata da ke shafinmu na intanet babu ita. In baƙo ya tambayi wa ya yi masa wannan ƙoƙari, Dakta zai gyara hula ya ce, "Wani ma'aikacinmu ne na ciki." Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Abin yana ci mini rai, amma takardar zamana a ƙasar nan a hannun kamfanin take, sai na koyi haɗiye magana.

Haka muke har Hajiya Bintu ta zo. 'Yar kasuwar Kantin Kwari ce, mai sayar da atamfa da shadda, tsohuwa gajera mai ido kamar na mai ƙirga yadi. Ƙaninta Alhaji Ubale ta kawo a yi masa aikin zuciya. Komai ya so ya cuɗe musu. Likitan ya ɗage rana, bizarsu ta kusa ƙarewa, bayan aikin kuma Alhaji ya ƙi abincin asibiti ya ce ba ya cin abin da ko akuya ba za ta shinshina ba. Kak Suraya ce ta dawo da ranar, ita ta yi sawu uku a ofishin shige da fice, kuma ita ce kullum da safe take dafo faten shinkafa marar gishiri a gidanta, ta ba direbanmu Encik Nasir ya kai. Kwana goma sha biyu Alhaji yana suɗe kwano.

Ranar da aka sallame shi na raka su masaukinsu a Cheras. Hajiya ta zaunar da ni a bakin gado.

"'Yar nan, wa ke aiko da faten nan?"

"Daga ofis ne, Hajiya."

"Ofis ba ya girki," in ji ta. "Kuma ofis ba ya hawa mota ya je neman biza. Mutum ne. A gidanmu ba a aika godiya. Wanda ya yi maka alheri, ƙafarka za ta kai ka gabansa, ka kalli idonsa, ka kira sunansa, ka ɗora masa tufa. Haka na ga mahaifina yana yi." Ta jawo akwatinta ta buɗe. Ko asibiti za ta je, Hajiya ba ta tafiya ba haja. "Faɗa mini, shadda zan ɗauko ko atamfa?"

Na ce, "Bari in tambayi Dakta."

Ta dube ni sama da ƙasa. Na san ta lura cewa mutum ba ya buƙatar izinin maigidansa kafin ya san abokin aikinsa mace ne ko namiji. Na kira Dakta a gabanta na ba ta wayar. Ina jin muryarsa tana fitowa, yana ta washe baki: shadda, Hajiya, shadda, ai ba sai kin wahalar da kanki ba. Ta ce ranar Alhamis da hantsi za su zo. Na koma gida a jirgin ƙasa ina jin kunyar kaina.

Washegari Dakta ya kira ni gaban teburinsa. Tsarin nasa mai sauƙi ne. Encik Nasir zai sa kwat da laktaye, ya tsaya a matsayin ma'aikacinmu na ciki, ya karɓi godiya.

"Ke dai ki yi translating abin da ya kamata," in ji shi. "In ya yi shirme, ki gyara."

"Yallaɓai, ƙarya kake so in fassara."

"Look, Bashira, business ne. Kin san Alhaji Ubale? Rabin clients ɗinmu ta masallacin unguwarsu suke zuwa. If this thing gets to Kano, mun rufe shago. Ita kanta za ta rasa aiki. Ni fa taimakonta nake yi, wa zai ɗauke ta in ba ni ba?" Ya jawo wata takarda ya yi kamar yana karantawa. "By the way, pass ɗinki saura wata uku, ko?"

Na gane karatun. Na fita ban amsa ba, don in na buɗe baki a lokacin, ba sai an jira wata uku ba.

Da rana na sauka na yi mana tapau, wato ƙunshin abinci, na shinkafa da kaza, na shiga sito na rufe ƙofa. Ni da Kak Suraya Turanci muke yi gauraye da Malay. Ashe ta riga ta ji komai, bangon katako ne.

"Wannan ne na huɗu," in ji ta tana buɗe takardar shinkafar. "Nasir ya samu hula biyu da agogo a kan aikina. Yanzu kuma riga. Nan gaba kaɗan zai fi Dakta ado."

Ta yi dariya, ni ban yi ba.

"Kak, in tsohuwar nan ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ba zan kira sunanki ba sai kin yarda. Sirrinki ne, ba nawa ba."

"Ba sirri ba ne, Dik," in ji ta. Dik shi ne ƙanwa. "Duk Sentul sun san ni. Mai shayi ya san ni, mai gadi ya san ni. A ɗakin can kaɗai ne ba ni da fuska." Ta ajiye cokali. "Ke fa? Takardarki?"

"Na sani."

"Kin sani, ko dai zuciya ce ke ɗibarki?"

"Duka biyun."

Ta daɗe tana kallon fankar. Ta san abin da fitowa fili ke jawo wa irinta a garin nan fiye da yadda zan taɓa sani, kuma ban yi mata wa'azin jarumta ba, don ba ni da bakin yi.

"Shekara tara ina jin ana gode wa wani ta cikin katako," in ji ta a hankali. "Na gaji lah. To ga yadda za a yi. In tsohuwar ba ta tambaya ba, a bar Nasir ya ƙara riga. In ta tambaya da bakinta, ke kada ki ce komai. Ni zan fito da ƙafata."

"Boleh?" na ce, wato zai yiwu?

"Boleh. Makan, ci abinci, shinkafarki tana hucewa."

Ranar Alhamis ta zo aiki da riga da zane masu ruwan bula, ta shafa jan baki, ta wuce sito kamar kullum. Dakta ya bi ta da kallo, amma hankalinsa na kan laktayen Encik Nasir da ya ƙi ɗauruwa. Encik Nasir mutumin kirki ne, ya haura hamsin, jikokinsa uku, kuma kana ganinsa ka san abin ba ya masa daɗi. Gumi yake yi a cikin sanyin esi.

Ƙarfe goma sha ɗaya suka iso. Alhaji Ubale yana tafiya a hankali, hannu a ƙirji. Hajiya tana rungume da farar shadda a leda. Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka sha ruwa. Dakta ya nuna Encik Nasir ya ce ga mutumin.

Hajiya ta kalle shi. "Wannan ba direban da ke kawo abincin ba ne?"

"Shi ne, Hajiya. Ai komai yana yi. Very hardworking."

Ta gyara zama ta fara godiya, ni kuma ina juyawa. Ta ce sun zo ƙasar da ba su san kowa ba, ya zame musu dangi. Ta ce Allah ya saka, Allah ya raya zuri'a. Encik Nasir yana ta sunkuyar da kai yana cewa sama-sama, wato ba komai. Kowace kalma da na fassara sai na ji kamar na ɗauke ta daga hannun mai ita na miƙa wa wani. Har ta ɗaga shaddar za ta ba shi, na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai ta tsaya.

"Tambayar mini shi, me yake sawa a faten nan? Ba gishiri amma da ɗanɗano. Ina so in riƙa yi wa Ubale a gida."

Na tambaye shi. Encik Nasir ya dubi Dakta, ya dubi ƙasa, ya ce da Malay, "Ni ɗauka kawai nake yi. Ban san me ke ciki ba."

Kafin in buɗe baki Dakta ya yi caraf. "Ya ce citta ce da albasa, Hajiya."

Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ta kalla.

"Ke ce tafinta. Haka ya ce?"

Na tuna da takardata, na tuna da mahaifiyata da ke faɗa wa maƙwabta 'yarta tana aiki a Malesiya. Sannan na ce, "A'a, Hajiya. Cewa ya yi shi ɗauka kawai yake yi, bai san me ke ciki ba."

"Bashira!" in ji Dakta.

"Ɗan nan, bari in gama," in ji Hajiya. Ta ɗora shaddar a cinyarta. "To wa ke dafawa? Wa ya yi mana aikin nan? Ni na taka ƙafata na hau bene hawa uku, a nuna mini mutumin."

Na juya tambayar zuwa Malay da ƙarfi, yadda za ta ratsa katako. Daga nan na ja bakina na yi shiru kamar yadda muka yi.

Ƙofar sito ta buɗe. Kak Suraya ta fito, doguwa, mai faɗin kafaɗa, ta tako har tsakiyar ɗakin ta yi sallama. Muryarta mai kauri ce, kuma ba ta rage ta ba.

Alhaji Ubale ya kalle ta, ya kalli Dakta da ya zama kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya sake kallonta. Sai ya gane.

"A'uzu billahi! Yaya, tashi mu tafi. Abincin wannan aka riƙa ba ni?"

Maganar ta zo mini har wuya, amma Hajiya ta riga ni.

"Kwana goma sha biyu kana lashe cokali, yau ka tuna da a'uziyya? Zauna, ɗinkinka bai warke ba."

Bai zauna ba. Ya lallaɓa ya fita, muna jin sa a matattakala yana ta salati. Kak Suraya ba ta jin Hausa, amma wannan bai buƙaci tafinta ba. Ba ta motsa daga inda take ba.

Hajiya ta daɗe tana kallonta, tun daga takalmi har ɗankwali. Sannan ta rage murya ta ce da ni, "'Yar nan, mace ce ko namiji?"

"Ga ta nan a gabanki, Hajiya. Ki tambaye ta, ni zan fassara."

Na fassara. Kak Suraya ta dubi tsohuwar ido cikin ido.

"Ki ce mata mace ce ni, sunana Suraya. Ni na dawo da ranar aikin. Ni na je neman bizar, sau uku. Faten kuma romon kaza ne da citta da soyayyar tafarnuwa, kuma a ƙaramar wuta ake barin sa ya daɗe."

Na juya shi kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Ban taɓa jin daɗin aikina irin na wannan lokacin ba.

Hajiya ta yi ajiyar zuciya. "Wannan lamari ban san shi ba," in ji ta. "Ya fi ƙarfin kaina. Allah shi ya san bayinsa. Amma ni ba shari'a na zo yi ba, godiya na zo." Ta dafa hannun kujera ta miƙe tsaye, abin da ba ta yi wa Encik Nasir ba. "Maimaita mini sunan."

"Suraya."

"Suraya," in ji ta. Ta faro godiyar daga farko. Ta ce sun zo ƙasar da ba su san kowa ba. Ta ce ƙaninta kaɗai ya rage mata a ɗakinsu, kuma da shi za ta koma a raye. Ta kira sunan sau uku a ciki. Da ta gama sai ta dubi ledar da ke hannunta, ta juya ta harari Dakta.

"An sa na ɗauko abin da ba shi ba." Ta miƙa wa Encik Nasir shaddar. "Kai riƙe wannan, ladan ɗauka. Atamfar tana masauki, 'yar nan za ta kawo."

Kak Suraya ta miƙa mata hannu biyu, yadda matan nan suke gaisawa. Ba zan ƙawata labari ba, Hajiya ba ta karɓa ba. Hannunta ya tsaya a cikin gyale. Na ga abin ya soki Kak Suraya, ni ma ya soke ni. Ta bar hannuwan a miƙe na ɗan lokaci, don kowa ya gani, sannan ta mayar da su ƙirjinta.

"Ki ce mata na ji, kuma na karɓa," in ji Kak Suraya.

Encik Nasir ya kwance laktayen tun kafin ya kai ƙofa, ya sauka ya mayar da su Hajiya Cheras. Ƙofa tana rufuwa Dakta ya fashe.

"You are finished here, Bashira! Ƙarshen wata ki tattara. Ki je ki nemi wanda zai sabunta miki pass." Ya juya ga Kak Suraya ya nuna sito da yatsa. "And you, inside. Akwai baƙi ƙarfe biyu."

Kak Suraya ta je ta zauna a kujerar fata, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Tak boleh, Dakta, ba zai yiwu ba. Ciki zafi, kuma na gama zama a can."

"Zan kore ki!"

"Kana iya. Amma akwai mai ciwon ƙoda da zai sauka ranar Asabar, kuma har yanzu ba shi da gado. Ga waya nan, ka kira asibitin." Ta ɗan karkata kai. "Ka san wa ake nema in an kira?"

Bai sani ba.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Wata uku ba komai ba ne, kuma ban san inda zan dosa ba, ban san me zan ce wa mahaifiyata ba. Na kuma san kujerar da Kak Suraya ta zauna ba ta da tabbas, yau ce kawai ta ci. Amma ko kusa ban yi nadama ba. Na shiga sito na zare wayoyin kwamfutarta daga bango, na rungumo ta da nauyinta na fito, na ratsa ta gaban Dakta.

"Kak, ina zan ajiye?"

Ta duba ɗakin a hankali, kusurwa kusurwa, sannan ta nuna ƙaramin teburin da ke fuskantar ƙofa.

"Can," in ji ta. "Inda mai shigowa zai fara gani."